Likita, Ɗana Ya Kai Shekara 13 Ba a Yi Masa Kaciya Ba

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari? Don Allah a sakaya sunana.

Yarona na fari yana da shekara 13, kuma har yau ba a yi masa kaciya ba. Ba sakaci muka yi ba. Yana da ciwon nan na rashin daskarewar jini, himofiliya, wanda aka ce ta wajen uwa yake biyowa. Ƙanin mahaifiyarsa ma a hannun wanzami ya rasu yana ɗan shekara 7, jini ya ƙi tsayawa. Da muka kai yaron namu asibiti sai aka ce ba za a taɓa shi ba sai an tanadi allurar fakta 8, wato sinadarin da ke taimaka wa jini ya daskare, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfina. Duk hunturu sa'o'insa suna zaman jinyar shayi, shi yana kallo.

Yanzu ya fara balaga. Mahaifiyarsa ce ta lura da wari a gajeren wandonsa wajen wanki, ta turo ni. Ka san kunyar ɗan fari, sai da na yi kwana uku ina kewaye-kewaye. Kansa a sunkuye ya ce wani farin abu yana taruwa a ƙarƙashin loɓar, wurin yana ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi ja. Ashe da sabulun wanki yake dirzawa, har da Dettol. Bai taɓa gaya wa kowa ba, wai yana tsoron cutar sanyi ce.

Shin wannan farin abu cuta ne ko dauɗa ce kawai? Ruwan ɗumi ya wadatar, ko akwai sabulun da ya dace? Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya ce fatar ba ta ja baya gaba ɗaya, kuma sau ɗaya ta maƙale har ta kumbura kafin ta koma. Ina tsoron ta tsage, ga larurarsa. Idan ta sake maƙalewa me za mu yi cikin dare?

Sannan yana yawan sake alwala, yana kokwanton ko fitsari ya rage. Malaminmu ya ce kaciya sunna ce, ba a jefa rai cikin halaka saboda ita, amma yaron bai natsu ba. Ga shi baɗi za shi makarantar kwana, inda ake wanka a fili. Mu tura shi, ko mu dakata sai mun tara kuɗin allurar?

Naka,
Wani uba daga Zariya