Bayanin Kwamiti Kan Aikin Shimfiɗa Dogon Tarihi da Ginin Rumfar Tasha

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da kuka sa hannu a aljihu saboda wannan aiki, tun bayan Babbar Salla muke jin tambaya ɗaya tana yawo a majalisu da bakin kasuwa: ina kuɗin dogo suka shiga? Wasu sun zo sun tambaye mu ido da ido, kuma mun gode musu. Wasu ta bayan fage maganarsu ta iso mana, har da masu cewa ƙarfen da ke shimfiɗe a filin nan bai kai rabin abin da aka tara ba. Duk wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya ji inda suka tafi. Shi ya sa kwamiti ya zauna ya rubuta wannan bayani, tunda kashi na farko na aikin ya kammala da yardar Allah.

Saboda waɗanda suka shigo daga baya, ga asalin abin a taƙaice. Ta ƙasarmu ƙaramin jirgin Bauchi yake wucewa a da. Yana tashi daga Zariya, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jengre, ya hau tudun Jos. Dogon ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914, kuma Turawa sun shimfiɗa shi ne domin kwaso kuza, wadda kafin nan a ka ake ɗauko ta. Da babban dogo ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta koma bin hanyar Fatakwal, ƙaramin jirgin ya ci gaba da jan fasinja da kayan gona har aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Kakanninmu ne suka haƙa wannan hanya da diga da kwando, da yawansu bisa tilas. Yau yaro zai bi ta kan tudun da suka cike ya tafi gona, bai san mene ne ba. Wannan ne ya zaburar da tsofaffin ma'aikatan reluwe na garin nan suka ce a shimfiɗa ko ɗan guntu ne, yara su gani da idonsu, su hau.

Shawarwarin farko ba su jawo gardama ba. An amince a yi aikin a filin da Mai Girma Hakimi ya bayar, a gefen tsohuwar hanyar. An amince faɗin dogon ya zama irin na asali, ƙafa 2 da inci 6, wato milimita 762, ba irin na babban dogo mai milimita 1,067 ba, balle sabon na Abuja zuwa Kaduna mai milimita 1,435. Mun tura mutum biyu gidan tarihi na Jos, inda aka ajiye wasu kawunan jirgin da taragwanninsa, suka auno ƙafafu suka ɗauko hotuna. Aka kuma yanke cewa aikin gayya ne, babu wanda za a biya sai mai sana'ar da babu irinsa a cikinmu.

Ga yadda kuɗin suka kasu. Cikin kowace naira goma da ta shigo, huɗu sun tafi sayen ƙarafan dogo da notuna da kuɗin dakonsu. Uku sun tafi kwalbati da cikon ƙasa. Biyu rumfar tasha ta cinye, ɗayar da ta rage kuma ta tafi ƙera tarago, kayan aiki da abincin masu gayya. Cikakken lissafi da rasit na kowane saye suna hannun ma'aji, an kuma liƙa kwafi a allon rumfa.

Maganar ƙarafan ita ce ta fi tayar da ƙura, don haka za mu tsaya a kanta.

Gaskiya ne an kawo mana tayin tsofaffin ƙarafan dogo daga wajen wasu 'yan gwangwan, a kan kuɗin da bai kai rabin abin da muka biya daga baya ba. Gaskiya ne kuma mun ƙi saya. Kafin mu ƙi sai da muka je muka gani, tare da dattijon da ya shekara da shekaru yana shugabantar leburorin gyaran dogo kafin ya yi ritaya. An ɗaga mana tamfol a bayan wani kango. Baba ya durƙusa ya shafa bakin ƙarfe ɗaya, ya nuna mana inda aka yanke shi da wutar gas, bakin ya narke ya yi kumfa, ko tsatsa bai fara ba. Saman ƙarfen yana sheƙi kamar jiya ƙafar jirgi ta bi ta kansa, gindinsa kuma da ɗanyar laka. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya tambayi mai kayan takardar gwanjo. Babu. Ya tambaye shi daga ina kayan suka fito, ya ce shi ma saya ya yi.

Kowa ya san ƙarafan dogon ƙasar nan mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, kuma kowa yana jin labarin yadda ake kama manyan motoci maƙare da waɗanda aka kwance aka yayyanka. Mai kwance dogo ba ƙarfe kaɗai yake sata ba, rayukan mutane yake sayarwa, don jirgin da ya taho a guje bai san an cire masa hanya ba. Ta yaya mutanen da suka ci abinci da reluwe, suka aurar da 'ya'yansu da albashin reluwe, za su gina wurin tunawa da jirgi da ƙarfen da aka sato daga ƙarƙashin wani jirgin? Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne. Kuma kuɗin da kuka ba mu, akwai na marayu da zawarawa a ciki, akwai wanda ya ce sadaka ce ga mahaifinsa da ya rasu. Ba za mu zuba irin wannan kuɗi a kan abin da muke shakka ba. Da ma an saya, ranar da jami'an tsaro suka zo suka tambayi takarda, dattawan nan ne za a tasa gaba, a kwashe ƙarafan, a rufe filin, kuɗi ya tafi, mutunci ya bi shi.

Ko da an ajiye batun halas da haram gefe, ƙarafan ba su dace da aikinmu ba. Na babban dogo, kowace mita takan kai kilo 30 ko fiye. Wanda muka saya kilo 15 ne a mita, tsawonsa mita 6, wato kilo 90 ke nan, samari huɗu sun ɗauka sun aje inda ake so. Ba mu da injin ɗaga kaya, kuma kuɗin hayarsa na yini biyu zai cinye ragin da ake ta magana a kai. Sannan waɗancan an datse su gajeru-gajeru don su shiga mota, ramukan noti sun tafi tare da bakin da aka yanke, wasu sun lanƙwashe. Sai an huda kowanne, an miƙar da shi, an goge bakinsa, duk da haka mahaɗar ba za ta zauna daidai ba. Yara za mu ɗora a kan wannan hanya.

Abin da muka saya sabon ƙarfe ne irin wanda ake shimfiɗawa a mahaƙar ma'adinai, daga wani dillali a Legas, da rasit da takardun shigo da kaya. A hanya an tsayar da motar a shingayen bincike ba sau ɗaya ba, aka duba takardu aka sallame ta. Direban da kansa ya ce in ba don takardun nan ba, da bai iso ba.

Masu cewa kuɗin ya zarce kiyasin farko sun faɗi gaskiya, amma su tuna lokacin da aka yi kiyasin. An yi shi ne a farkon 2023. A ƙarshen watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ƙarfen daga waje ake shigo da shi, da dala ake sayensa. Kuɗin dako ya tashi. Buhun siminti da muke saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Babu magidancin da bai ji wannan a jikinsa ba, kuma kwamiti a kasuwa ɗaya yake sayayya da kowa.

Sai maganar kwalbati, wadda wasu ke cewa an biya sau biyu. An gina sau biyu, haka ne. Hanyar ta ratsa wani ɗan kwari, kuma kafin a sa bulo ɗaya sai da muka tambayi manoman da suka daɗe a wurin yawan ruwan da ke bi, suka nuna mana iyakar inda yake kaiwa, aka yi kwalbati daidai da haka har da ƙari. Abin da ya canza shi ne gidajen da aka yi ta ginawa ta sama, waɗanda suka toshe tsohuwar hanyar ruwa suka karkato shi gaba ɗaya kanmu. A wani ruwan dare na watan Agusta kwalbatin ta cika ta tumbatsa, ruwa ya hau kan cikon ya cinye shi ta ƙasa. Da gari ya waye mun tarar da ƙarafa biyu suna lilo a sama, silifa, wato dogayen tubalan da ake ɗaure ƙarafan dogo a kansu, na rataye a jikinsu, tsakuwar da aka yi makonni ana turowa da baro ta watse cikin gonar maƙwabci.

An kawo shawarar a sake cikewa da jan ƙasa kawai a ci gaba, wai irin wannan ruwa ba kullum ake yinsa ba. Kwamiti bai yarda ba, domin gidajen da suka karkato ruwan ba tashi za su yi ba, ƙaruwa ma suke yi. Wani injiniya ɗan garin nan ya zo ya auna kyauta, ya zana mai baki biyu, da rodi da kankare, da bangon dutse a kowane gefe don kada ruwa ya sake cin gindin cikon. Ita aka gina. Daminar bana ta zo ta wuce, ruwa ya bi ta ƙasa, ko tsakuwa ɗaya ba ta motsa ba. Wanda ya tsaya a kan dogo ba zai ga wannan kuɗi ba, sai ya gangara cikin kwarin ya leƙa, kuma muna roƙon masu shakka su gangara.

Abin da ke ƙasa yanzu shi ne dogo mai tsawon mita 200, a kan silifa ta kankare da samarinmu suka zuba da hannunsu, saboda katako gara ba za ta bar shi ba. Akwai rumfar tasha mai rufin kwano da dakalin hawa, da ɗaki guda na ajiyar kaya, da tarago ɗaya mai benci biyu da birki na hannu, wanda mai walda na bakin kasuwa ya ƙera bisa awon da aka ɗauko daga Jos. Kafin a ɗora kowa sai da Baba ya bi hanyar tun daga farko har ƙarshe da sandar awonsa da guduma, yana ƙwanƙwasa kowace mahaɗa yana saurare, inda sautin bai yi masa ba ya sa a ƙara ɗaure noti.

Godiya ta farko ga Allah. Sai Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa, wanda ya ba da fili, ya zo da kansa ranar da ruwa ya yi ɓarna, ya kuma sasanta mu da mai gonar da tsakuwa ta shiga. Muna miƙa godiya ta musamman ga Alhajin nan ɗan kasuwar hatsi da ya hana a ambaci sunansa. Shi ya ɗauki nauyin yawancin simintin silifa, kuma da kwalbati ta karye, kafin mu buɗe baki ya aiko da rodi. Ba don shi ba, da har yanzu muna bakin kwari. Allah ya ƙara arziki, ya jiƙan mahaifa, ya shirya masa zuri'a. Direbobin tifa sun yi mana sawu da dama kuɗin mai kaɗai suka karɓa. 'Yan fanshon reluwe, waɗanda kowa ya san halin da suke ciki, sun yi karo-karo daga ɗan abin da suke samu, suka kuma tsaya cikin rana suna koya wa yara aikin. Iyayenmu mata sun yi ta aiko da kunu da ɗanwake duk ranar gayya. Wata Hajiya, matar wani marigayi direban jirgi, ta kawo fitilar hannunsa da hularsa ta aiki ta ce a ajiye a tasha. 'Yan uwanmu mazauna Kaduna, Kano da Legas su ma ba a bar su a baya ba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Amma aiki bai ƙare ba, kuma asusu ya kusa komawa fanko. Abin da ya fi damunmu yanzu shi ne katanga. Ƙarfen da muka sha wahala muka saya da takarda yana kwance a fili babu shinge, samari ne ke kwana a rumfa bi da bi suna gadi, kuma ba za a dawwama a haka ba, don su ma suna da gonaki da iyali. An riga an kwance mana notuna a mahaɗa biyu. Idan ba a kewaye wurin kafin kaka ta wuce ba, muna tsoron abin da zai biyo baya. Bayan katanga akwai banɗaki da ruwan sha, waɗanda sai da su makarantu za su yarda su riƙa kawo ɗalibai, kuma shugabannin makarantu da dama sun riga sun tambaya. Fitilar Hajiya da sauran kayan tarihin da aka kawo suna cikin akwati, suna jiran kabad mai gilashi da makulli. Taragon kuma har yau turawa ake yi da hannu. Burinmu a samu ƙaramin inji a ɗora masa, amma wannan sai an gama da katanga.

Ba kuɗi kaɗai muke nema ba. Mai bulo ya kawo bulo, mai yashi ya kawo yashi, birkila ya ba mu yini ɗaya, matashi ya zo da shebur. Wanda ke da tsohon tikiti, hoto ko wata takarda ta zamanin jirgin a cikin kayan kakansa, ya taimaka ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa. Ma'aji da sakatare suna zama a rumfar tasha kowace Asabar daga hantsi zuwa azahar, da littafin lissafi da rasit a gabansu, ga mai son dubawa da mai son bayarwa. Za a fara haƙa tushen katanga ta ɓangaren gabas Asabar ta farko bayan an gama yankan dawa, in Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamiti