Wasiƙa zuwa ga Hajara kan manhajar motsa ido da jinyar Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata Hajara, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke a nan Nima. Ya jikin Malam? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ke kuma sannu da jinya, Allah ya ba ki ladanta.

Na ga hoton manhajar da kika turo, wadda ɗigo ke yawo a fuskar waya ana bin sa da ido, wai tana farfaɗo da ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki. Kada ki biya kuɗinta tukuna. Motsa ido yana da amfani a ciwo irin na Malam, amma sai an san takamaimai abin da ya lalace, domin motsin ido kashi-kashi ne. Akwai tsallen da ido ke yi daga abu zuwa abu, akwai bin abu mai tafiya a hankali, akwai haɗuwar idanu biyu a kan abin da ke kusa, akwai kuma tsayuwar ido a kan abu ɗaya alhali kai na juyawa. Kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa, kuma horar da ɗaya ba ya gyara ɗayan.

Kin ce tun da aka sallame shi yake cin karo da ƙyauren ƙofa ta hagu, kuma ba ya ganin mutum sai ya zo gabansa. Wannan ya yi kama da rashin rabin gani. Idan ciwon ya taɓa bayan ƙwaƙwalwa ta dama, rabin hagu na abin da kowane ido ke gani ne ke ɗaukewa, idon dama da na hagu duka. Shi ya sa masu cewa idonsa na hagu ya mutu suka yi kuskure, kuma rufe ido ɗaya ko ɗiga magani ba zai canza komai ba. Ki kai shi sashen ido na asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda ake kira Gee, ki roƙi a yi masa gwajin faɗin gani na inji, wanda ake danna maɓalli duk lokacin da aka ga ɗan haske. A auna masa ƙarfin ruwan ido kuma, saboda gilakoma ta yi yawa a Ghana, ita ma ta gefe take fara cin gani, kuma ita maganin ɗigawa ko aiki take so, motsa ido ba ya taɓa ta. Ki adana takardar gwajin da kyau.

Akwai wani abu da ke kama da wannan amma daban yake, wato mantuwa da ɓangaren hagu. Mai rashin rabin gani ya san akwai abin da ba ya gani, yana ƙoƙarin waiwayawa. Mai mantuwar nan kuwa ba ya ma tuna akwai hagu: ya cinye tuwon dama ya bar na hagu, ya aske rabin gemu. Ki zana masa da'ira ki ce ya cika lambobin agogo. Idan ya cusa su duka a dama, ki nuna wa likita takardar. Irin wannan ba a barinsa shi kaɗai da waya, sai da mai tunatar da shi a gefe.

Idan gwaji ya tabbatar da rashin rabin gani, ga abin da za ki sa a ranki. Abin da zai dawo da kansa yawanci yakan dawo cikin wata ukun farko, bayan wata shida kuma da wuya a ga ƙari mai yawa. Manhaja ba ta dawo da wurin da ya ɗauke. Abin da take koyarwa shi ne jefa ido zuwa hagu da sauri da nisa, har ya zama ɗabi'a, kamar direban trotro, wato motar haya, da madubin gefensa ya fashe ya koyi leƙawa kafin ya karya kan mota. Madubin bai dawo ba, amma ya daina gogar mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne bambancin mai zuwa masallaci da ƙafarsa da wanda sai an riƙe masa hannu.

Manhajojin da aka yi su domin wannan matsala kuma aka gwada su a kan majinyata su nake so ki nema: Eye-Search da Read-Right na jami'ar UCL da ke Landan, da DREX ta jami'ar Durham a Ingila. Masu tallar ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa kuwa ki yi hankali da su. A 2010 an wallafa wani bincike da aka gwada mutum 11,430 a Birtaniya na tsawon mako shida da wasannin horar da ƙwaƙwalwa. Sun ƙware a wasannin da suka yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan ba. A 2016 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity, mai sayar da irin waɗannan wasanni, biyan dala miliyan 2 saboda alkawuran da ba shi da hujjarsu. Duk wadda ta nemi lambar kati don gwajin kyauta, ki duba ko tana cire kuɗi da kanta kowane wata.

Babbar illar waya ƙanƙantarta. Waya mai tsawon santimita 15, a kwance, a nisan santimita 40 daga fuska, digiri 21 kacal take rufewa, alhali ganin mutum daga gefe zuwa gefe ya kai digiri 180. Idon da ya saba tsalle a cikin wannan ɗan wuri ba zai hango pragya, wato babur mai ƙafa uku, da ta taho ta gefe ba. Kwamfutar cinya ta fi, talabijin ta fi ta. Mai inci 32 faɗinta kusan santimita 71 ne, idan ya zauna a nisan santimita 60 ya samu digiri 60 ke nan.

Ya zauna a kujera mai jingina, tsakiyar allon daidai hancinsa. Ki sa ido a nan, don majinyata kan tura wayar zuwa dama ba tare da sun sani ba, ko su karkata kai, sai makin wasan ya hau alhali idon bai yi aikin komai ba. Waya a jingine take zama, ba a hannu ba. Ya sa tabaran karatunsa idan allon na kusa, kada taga ta kasance a bayansa tana haska gilashin. Kai a tsaye, ido ne ke tafiya. Umarnin guda ɗaya ne: ya jefa idon can ƙarshen hagu a tsalle ɗaya, ya wuce inda yake zato, sannan ya dawo yana nema. Idan aka bar majinyata, sukan lallaɓa zuwa hagu da ƙananan tsalle uku ko huɗu, wannan jinkirin ne ke jawo karo. Ku fara da minti 10 sau biyu a rana, bayan karin kumallo da bayan la'asar, ku ƙara a hankali zuwa minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Gajiya bayan wannan ciwo gaskiya ce, kada a ce masa rago. Mai kallon allo ba ya ƙifta ido sosai, don haka idan ya ji yaji-yaji ya tsaya ya kalli nesa na daƙiƙa 20.

Rabin lokacin horon nake so ya kasance ba a allo ba. Ki rubuta 1 zuwa 20 a ƙananan takardu da babban rubutu, ki manna su a warwatse a bango faɗin mita 3, ya zauna a nisan mita ɗaya da rabi. Digiri 90 ke nan, babu wayar da za ta ba shi haka. Ya nemo su bi da bi kina duba agogo, ki riƙa sauya musu wuri kowace rana don kada ya haddace. Daga nan sai tsakar gida, ya yi tafiya yana faɗin abin da ke hagunsa, sai lungun unguwa, kina ta hagunsa ɗan baya kaɗan. A waje kai da ido tare suke juyawa. Ki tuna tun 1974 hannun dama ake tuƙi a ƙasar nan, saboda haka duk mai tsallaka titi, motar da ta fi kusa da shi ta hagu take fitowa, daidai inda Malam ba ya gani. Cunkoson kasuwar Kejetia sai can gaba. Babur da mota kuwa a jingine su, ko da makinsa ya kai ƙololuwa, sai likitan ido ya yi magana.

Batun karatu zai fi damunsa, na sani. A boko, wanda hagunsa ya ɗauke farkon layi yake ɓatawa, sai a ja jan layi mai kauri a gefen hagu na shafi, ya riƙa komawa har sai ya gan shi. Ita Read-Right an yi ta ne musamman domin waɗanda dama ta ɗauke musu, masu karatun boko. A Alƙur'ani lamarin juyawa yake: karatu na tafiya zuwa hagu, wato kalma ta gaba kullum tana cikin duhun. Zai ga yana tsayawa, yana yanke ƙarshen kalma, kuma da yake mahaddaci ne harshensa zai cike gurbin ya ɗauka ido ne ya gani. Ki samo masa mus'hafi mai manyan baƙaƙe, ya ɗora rula a ƙarƙashin layi, yatsa na gaba da ido kaɗan. Don aunawa kuwa a ba shi rubutun Larabci ko ajami da bai haddace ba.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta abu uku duk Juma'a: daƙiƙun da ya ɗauka a lambobin bango, lokacin karanta shafi ɗaya sabo, da yawan karon da ya ci a makon. Idan bayan mako shida makin manhaja na hawa amma waɗannan ukun na nan yadda suke, wasan ya koya, sai a canza hanya tare da masu gashin jiki da ke duba shi.

Idan yana ganin abu biyu-biyu, wannan na jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido ne ko mahaɗarsu, tilasta masa bin ɗigo ciwon kai kawai zai ƙara. Ana manna wata leda mai suna firizim a tabarau, ko a rufe gilashi ɗaya na ɗan lokaci. Idan kuma jiri ne da ke tashi in ya juya kai, kuma likita ya ce daga kunnen ciki ne, horonsa daban: harafi ɗaya a kati a nisan hannu, ido a kansa, kai na juyawa dama da hagu na minti ɗaya, sau uku zuwa biyar a rana, da saurin da harafin ba zai dushe ba. Bin ɗigo da kai a tsaye ba ya maganin wannan jirin.

Ki guji duk wasa mai walƙiya da ƙyalƙyali, don wasu kan samu farfaɗiya bayan wannan ciwo. Idan kuma kika ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, gani ya ƙara ɗaukewa farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da bai saba ba, ki kira 112 ko ki sa shi a mota zuwa Gee nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye ko neman rubutu tukuna. Maganin hawan jininsa kada ya tsallake ko kwana ɗaya, ko da awo ya nuna ya sauka.

Ki turo mini hoton takardar gwajin idan ta fito, da shafin farko na littafin. Mamanki na gaishe ku. Ki gaishe da Malam da jiki, da Hajiya, da yara.

Wassalam,
Mahaifinki