Wasiƙa zuwa ga Babana, kafin a sa rana

Agege, Legas.

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a Apapa. Mutanen gida duka lafiya lau, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali gari ɗaya muke, kuma ko ranar Juma'ar da ta wuce a tabarma ɗaya muka ci tuwo. Dalili shi ne maganar tana da nauyi a baki, kai kuma ɗan fari ne, wanda ko sunanka ban saba kamawa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda kawunanka sun kai gaisuwa gidan su yarinyar nan, kuma an fara zancen sa rana, ina so kafin a tsayar da lokaci ku je asibiti kai da ita, a gwada ku a kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa: ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da tunjere, da gonoriya, da kilamidiya, a haɗa da gwajin jini na "genotype" saboda amosanin jini, wato sikila. Ba zarginka nake yi ba, ba kuma zarginta nake yi ba. Abin da ya faru da ni ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ban taɓa gaya maka shi ba.

Shekara 11 da suka wuce, lokacin haihuwar autarmu, mahaifiyarka ta zubar da jini da yawa, aka ce a kawo wanda zai bayar. Na naɗe hannun riga na zauna, aka ɗebi kaɗan don dubawa, sai na ga an kira waɗanda suka zo bayana, ni an bar ni a kan benci. Can likita ya kira ni wani ɗan ɗaki, ya tura ƙofa, ya ce ba za a iya karɓar jinina ba domin akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B a cikinsa. Na ce masa ni ko zazzaɓi ban cika yi ba, idona bai taɓa yin shawara ba. Ya ce haka cutar take, tana iya zama a jikin mutum shekaru masu yawa ba tare da wata alama ba, tana cin hanta a hankali, har ta kai wasu ga ƙanƙancewar hanta ko sankara. Ya ce ana ɗaukarta daga uwa wajen haihuwa, da askar wanzami ko reza ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita, da kuma kwanciyar aure. Na ninke takardar sakamakon na cusa a cikin hulata, na yi kwana uku ban nuna wa kowa ba.

Da aka gwada mahaifiyarka Allah ya sa ba ta ɗauka ba, aka yi mata allurar rigakafi sau uku cikin wata shida, aka duba ƙannenka su ma. Kai a lokacin kana makarantar kwana a Arewa, na ce sai ka dawo hutu, daga nan kunya da hidimar kasuwa suka sa na yi ta ɗagawa har yau. Wannan sakaci nawa ne, kuma ina neman ka yafe mini. An haife ka kafin 2004, shekarar da aka shigar da rigakafin wannan ciwo cikin alluran jarirai a Najeriya, saboda haka ba ka samu ba. Idan an gwada ka ba ka da shi, ka karɓi alluran nan uku. Idan kana da shi, ita za a yi wa rigakafin kafin ta tare, kuma duk ɗan da Allah ya ba ku a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Sai maganar da ta fi damuna, wato abin da mutanenmu suke kira ciwon sanyi. Wannan kalma ɗaya mun ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. Ƙaiƙayin gaba sanyi ne, zafin fitsari sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, rashin haihuwa ma sanyi ne. A tashar Agege da kasuwar Mile 12 ka sha jin masu lasifika suna tallar kwalba ɗaya da suka ce tana maganin sanyi da basir da shawara gaba ɗaya. Alhali a ƙarƙashin sunan akwai cututtuka daban-daban, kowace da ƙwayarta da maganinta. Wani farin ruwa da ƙaiƙayi da mata suke fama da shi ba ta saduwa ake samunsa ba sam, sauyin yanayin jiki ne, ciki ko shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ma suna kawo shi, kuma an sha zargin matan kirki a kansa ba da hakkinsu ba. Gonoriya da kilamidiya kuwa ta saduwa suke bi, ba ta ban ɗaki ba kamar yadda ake yawan faɗa don a rufa wa juna asiri.

Gonoriya a jikin namiji takan nuna kanta cikin 'yan kwanaki da mugunya da raɗaɗin fitsari. Kilamidiya ta fi ta ɓoyo, domin yawancin masu ita, maza da mata, ba su jin komai. Mace ce take ɗaukar nauyin wannan ɓoyo: ƙwayar tana haurawa ta kumbura mahaifa da bututun da ƙwai yake bi, ta bar tabo, sai ciki ya ƙi shiga ko ya zauna a wajen mahaifa, wanda yana iya kashe ta. Na san wani abokin kasuwancina a mahautar Oko-Oba da ya ji zafin fitsari, ya je kemis aka haɗa masa kafso kala uku a ƙullin leda, ya sha na kwana biyu, zafin ya lafa, ya ce ya warke. Matarsa ta yi shekara shida ba haihuwa, danginsa suka sa ta a gaba da gori, aka yi ta yi mata jiƙe-jiƙe, sai da likitar mata ta ce a zo da mijin sannan aka gano inda matsalar ta faro. Na ga mutumin nan zaune a bakin rumfata yana share hawaye da bakin rawaninsa, yana cewa da ya sani.

Gonoriya da kilamidiya suna warkewa sarai idan an sha maganin da ya dace, aka kuma cika adadinsa. Sharaɗin shi ne a yi wa miji da mata magani lokaci ɗaya, su kuma ƙaurace wa juna kwana 7, in ba haka ba wanda aka bari zai mayar wa wanda ya warke. Idan gidan mai mata biyu ne ko uku, duka za a haɗa. Haɗin kemis kuwa illarsa biyu ce: yana danne alama ya bar cuta, yana kuma koya wa ƙwayar jure magani, har ta kai yanzu magungunan da a da suke kashe gonoriya da yawansu sun daina aiki, sai allura. Haka nan idan wani ɗakin gwaji ya ba ka takarda ya ce kana da "staf", kada ka sayi magani a kanta sai likita ya gani, domin wannan ƙwaya tana zaune a fatar mutane masu lafiya da yawa.

Tunjere sunanta tsoho ne, har wasu suna zaton ta tafi da kakanninmu, amma tana nan. Tana farawa da ɗan gyambo marar zafi kamar mako uku bayan an ɗauka, ya warke da kansa, daga baya ƙuraje su fito har a tafin hannu da na ƙafa, su ma su ɓace, sai ta yi shiru shekaru kafin ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Mai ciki tana iya ba ɗan da ke cikinta, a yi ɓari ko a haife shi ba rai. Gwajinta na jini ne, allurar penisilin kuma tana kashe ta.

Game da ƙanjamau, binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne suke ɗauke da ƙwayar HIV a Najeriya, kuma ba a gane su da ido. Gwajin ɗan huda yatsa ne, cikin kamar minti 20 a ba ka sakamako. Sai dai ka fahimci abu ɗaya: ƙwayar ba ta bayyana a irin wannan gwaji nan take, tana iya kaiwa wata uku, saboda haka duk wanda ya san wani abu ya faru kwanan nan sai ya maimaita bayan wata uku. Ba na tambayarka abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, amma likita ka gaya masa gaskiya, domin da ita zai san abin da zai gwada da lokacin da ya dace. Ka kuma riƙe wannan don kanka ko don wani: wanda ya yi zaton ya haɗu da ƙwayar, ko ta fyaɗe ko ta allura, akwai maganin kariya da ake farawa kafin awa 72 su cika, a sha kwana 28. Kame kai shi ne abin da addininmu ya umarta, shi nake horonka da shi. Kwaroron roba kuma yana rage haɗari ƙwarai, har tsakanin ma'auratan da ɗayansu yake da cutar.

Akwai kuma ƙwayar HPV, wadda take haddasa sankarar bakin mahaifa. Tun watan Oktoba na 2023 gwamnati take yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, an yi wa autarmu. Ita matarka, idan lokaci ya yi, ka bar ta ta je a duba bakin mahaifarta.

Wurin gwaji bai yi mana wuya ba a garin nan. Ga asibitin koyarwa na Idi-Araba a tsakiyar 'yan'uwanmu, ga na jiha a Ikeja, ga cibiyar binciken lafiya ta ƙasa a Yaba, ga manyan asibitocin gwamnati na unguwanni. Idan kana jin nauyin haɗuwa da idon sani, ka zaɓi wanda ya yi nisa da mu. Gwajin gonoriya da kilamidiya da fitsari ake yi ko da ɗan ruwan da ake ɗebowa da auduga, kuma ana so ka yi aƙalla awa ɗaya ba ka yi fitsari ba kafin ka bayar. Iyayen yarinyar ba za su ga baƙon abu ba, domin a Kano, garinsu, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar wajabta gwaji kafin aure a 2024. Amma kada ka yarda da takardar da aka rubuta ba a ɗebi jininka ba don kawai a nuna wa liman. Ku je da ƙafafunku, ku ji sakamako da kunnuwanku.

Idan sakamakon ya zo da abin da ba mu so, naka ko nata, ka zo wurina kafin ka yanke wata shawara. Mai HIV da yake shan maganinsa kullum, har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini, ba ya sa wa matarsa, kuma ana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Maganin kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kuma dokar ƙasa ta 2014 ta hana a kori mutum daga aiki saboda cutar. Idan nata ne, ko an fasa auren ko ba a fasa ba, sirrinta amana ce a wuyanka, ba na so in ji shi a bakin kowa, har da mahaifiyarka, sai da izininta.

Duk bayan wata shida nake zuwa a duba hantata, kuma ranar Litinin mai zuwa ce ranata. Zan fito bayan sallar asuba in jira ka a tashar Oshodi har ƙarfe bakwai. Idan ka fi son ka je kai kaɗai, ka turo mini saƙo da daren Lahadi, ba zan ji komai ba, sai dai ka gaya mini ranar da ka tsayar. Kuɗin gwajin, naka da nata, na ware su.

Allah ya yi maka albarka, ya sa a yi da mu.

Ni ne,
Mahaifinka.