Rasha ba ƙanƙara ce kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na makon jiya, wanda kuka kawo abubuwan ban mamaki a kan ƙasar Rasha. Duk abin da kuka faɗa haka yake: faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 17, wato ta ninka Najeriya fiye da sau 18 duk da cewa mun fi ta yawan jama'a, kuma jirgin ƙasan da ke tashi daga Mosko zuwa Vladivostok yana shafe kusan mako guda kafin ya cinye kilomita 9,289. Kun kuma ambaci tafkin Baikal mai zurfin mita 1,642, da ƙauyen Oymyakon inda sanyi ya kai digiri 67 ƙasa da sifiri a 1933. Sai dai a ganina shirin ya tsaya ga sanyi da nisa, ya bar ɓangaren da zai fi jan hankalin masu sauraronku, wato tarihin Musulmin ƙasar.

Mutane da yawa a nan ba su san cewa a shekarar 922 tawagar da Halifa Muƙtadir na Bagadaza ya aika ta isa wurin Sarkin Bulgar na bakin kogin Volga ba, wanda ya karɓi Musulunci ya kuma nemi a turo masa malamai. Wannan ya faru ne shekara 66 kafin Yarima Vladimir, mai mulkin kakannin Rashawa a birnin Kiev, ya karɓi Kiristanci a 988, kuma fiye da ƙarni huɗu kafin Wangarawa su iso Kano a zamanin Sarki Yaji. Zuriyar mutanen Bulgar na nan a yankin Tatarstan na Rasha, wanda Kazan ne babban birninsa, kuma ko da yake Sarki Ivan na Rasha ya ci birnin Kazan da yaƙi a 1552 ya rushe masallatansa, a 2005 an buɗe babban masallacin Kul Sharif a cikin ganuwar fadar birnin, daura da tsohuwar majami'a.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda yanayin ƙasar ya haifar da matsalar fiƙihu. Ahmad bin Fadlan, wanda yake cikin waccan tawaga, ya ba da labarin gajartar daren bazara a can, inda jan shafaƙi ba ya gama ɓacewa sai alfijir ya keto. To, idan shafaƙi bai ɓace ba, yaushe lokacin Isha'i ya shiga? Malaman Hanafiyya sun daɗe suna saɓani a kai. Wasu sun ce sallar ta faɗi a kan mutanen wurin tunda alamar lokacinta ba ta samu ba, wasu kuma suka ce sai a ƙaddara mata lokaci. Malamin Kazan ɗin nan, Shihabuddin Marjani, wanda ya rasu a 1889, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa wajibi ce. Mu da darenmu da ranarmu suke kusan daidai duk shekara, ba kasafai irin wannan tambaya take zuwa mana a rai ba, amma ga Musulmin birnin Murmansk da ke can arewacin Rasha, inda rana ke yin kusan wata biyu ba ta faɗi ba, lamari ne na yau da gobe. Idan azumi ya faɗo a wannan lokaci, sukan bi agogon Makka ko na gari mafi kusa da ke da dare da rana.

Akwai kuma labarin Abram Gannibal, yaron nan ɗan Afirka da aka kai fadar Sarki Peter, ya girma ya zama janar na soja, wanda babban marubucin Rasha Pushkin tattaɓa kunnensa ne. Wasu masana tarihi na ganin daga Logone-Birni ya fito, a arewacin Kamaru kusa da tafkin Chadi, ko da yake wasu sun ce daga Habasha.

Saboda haka ina roƙon ku ware wa batun Musulmin Rasha shiri na musamman, ku gayyato malamin fiƙihu tare da ɗaya daga cikin dattawanmu da suka yi karatu a can zamanin Tarayyar Sobiyet, domin mu ji daga bakin wanda ya yi azumi a wurin.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Zariya