Zuwa ga Issufu, a Tawa

Aminina ango,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina amarya? Tun bikinka ka yi ƙus. Na ɗauki alƙalami ne don in roƙe ka wani abu, amma tsaya tukuna ka ji abin da ya hana ni barci a Yamai.

Mushenmu na ilimin duwatsu ya ɗora mini bayani gaban aji kan wata halitta mai suna Dickinsonia. Ta rayu a ƙasan teku shekara wajen miliyan 558 da suka wuce. Ba ƙashi gare ta ba, ba ƙwarya, ko baki ba a gano mata ba. Shimfiɗe take kamar faifai, da zane-zane jere a jikinta kamar saƙar tabarma. Yashi ne ya rufe ta, siffarta ta zauna a dutse kamar sawun ƙafa a busasshiyar laka. A 1946 wani masanin duwatsu, Reg Sprigg, ya ci karo da irin waɗannan a tsaunukan Ediacara na Ostareliya.

Girmanta ne ya kama ni. Akwai ƙananan da ba su kai farce ba, akwai wadda ta haura mita guda, amma duk fasalin ƙwai ɗaya suke riƙe da shi. Daga gefe guda take ƙara sabon zane, tsofaffin kuma suna faɗaɗa yadda tsawo ba zai tsere wa faɗi ba. Ka ji tsari! Kai kuwa an ce tun da ka fara cin tuwon amarya, tumbi kaɗai ke gaba, sauran jiki na baya. Har yau masana na gardamar wane gefe ne kanta, ni ma haka nake da kai.

Af, Hamisu ya sayar da babur ɗin nan, wai zai tafi Agadas. Inna ba ta sani ba, kar ka faɗa.

A 2018 aka sami ragowar kitse irin na dabba a jikin wadda aka haƙo a gaɓar Farin Teku ta Rasha, shi ya ƙarfafa cewa dabba ce. Da na faɗa wa Kawu, cewa ya yi ƙasusuwan manyan dabbobin dā da aka haƙo a Gadufawa, da ke gidan tarihin Bubu Hama, sun fi masa, aƙalla suna da haƙora.

Idan ka bi ta Malbaza, tsinto mini dutse mai katantanwar teku. Ranar Talata zan tsaya gaban aji, gabana sai faɗuwa yake.

Naka,
Lawali