Zuwa ga kamfanin da ke riƙe mana takardun rajista: ina kuɗin rahoton shekara da muke biya?

Assalamu alaikum Yallabai Manaja,

Na fito da maganar nan fili ne saboda waya ta ƙi yi, ofis ya ƙi yi, kullum amsar ɗaya ce wai oga ya tafi Abuja. Ba zan ambaci sunanku ba tukuna, kun san kanku.

Ni ne mai kamfanin ƙera kujerun makaranta da ƙofofin ƙarfe a Panteka nan Kaduna, wanda kuka yi wa rajistar limited a 2019. Tun lokacin muka yi da ku duk shekara zan riƙa biyan naira dubu 45, ku kuma ku shigar da rahoton shekara a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku kula da takardun. Ban taɓa tsallake shekara ba, risit ɗinku duk suna nan da hatiminku da sa hannun sakatariyarku.

To a watan jiya wata ƙungiya ta nemi masu kawo kujeru da tebura na azuzuwa, muka shiga, farashinmu ya yi musu, har sun zo shago sun ga samfur sun yaba da waldar. Da aka zo tantance takardu sai jami'in ya buɗe shafin binciken CAC a gabana ya rubuta lambar rajistarmu ta RC, ya juyo min da kwamfutar ba tare da ya ce komai ba. Ga sunan kamfanina, a gefensa an rubuta INACTIVE, wato a wurin hukuma kamfanin ba ya aiki. Wallahi sai da zufa ta keto min. Ya ce Alhaji ka yi haƙuri, dokarmu ba ta yarda mu ba kamfanin da ke wannan matsayi aiki ba, ya miƙo min fayil ɗina. Aikin da zai riƙe yara goma sha biyu na tsawon watanni ya tafi kenan, kuma wasunsu masu iyali ne.

Da wani lauya ya duba min sai ga shi tun rahoton farko ba a sake shigar da komai ba. Komai fa. To kuɗin ina suke zuwa?

Dan Allah kar a sake ce min netwok ne ko shafin hukuma ne ke ba da matsala, shafi ba ya lalacewa shekara da shekaru. Kuma abin nan ba a ɓoye yake ba, duk kuɗin da aka biya CAC ta hanyar biyan kuɗi ta Remita yana da lambar shaidar biya da ake kira RRR, in an karɓi rahoto kuma akwai takardar shaidar karɓa da ake saukewa. Risit ɗin ofishinku shaida ce kawai ta cewa kun karɓi kuɗina, ba ta nuna hukuma ta ga ko sisi. Da na nemi RRR sai yaronku ya ce wai wannan sirrin aiki ne. Haba jama'a, sirrin aiki a kan kuɗina da kamfanina?

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne, ashe imel da lambar wayar da kuka sa a rajistar duk naku ne, ba nawa ba, wato duk wani saƙo ko gargaɗi da zai fito game da kamfanin wurinku yake sauka, ni ina can ina fama da injin walda da kuɗin dizal ban san abin da ake ciki ba. Kun ba ni satifiket na rataye a bango, makullin kuma yana aljihunku.

Ku da wannan ne sana'arku kun fi ni sanin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Mai rajistar sunan kasuwanci yana shigar da rahotonsa kafin ƙarshen watan Yuni duk shekara, kamfanin limited kuma cikin kwana 42 bayan taron shekara na masu hannun jari, kuma ko an yi ciniki ko ba a yi ba sai an shigar. Wanda ya makara tara ce ke hawa kansa, kowace shekara da nata. Wanda ya kai shekara 10 bai shigar ba hukuma na da ikon share sunansa daga rajista gaba ɗaya, kuma ba barazanar baki ba ce, a 2024 CAC ta fitar da sanarwar za ta soke kamfanoni kusan dubu 100, ta ba su kwana 90 su gyara. A lokacin ma na kira ku hankalina a tashe, kuka ce in kwantar da hankali namu lafiya lau yake. Da wane ido kuka duba?

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Lokacin da aka tilasta wa masu POS yin rajista a 2024 na ga yadda matasa daga Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka cika muku ofis, wasu ni na turo su saboda na yarda da ku. Da yawansu sun ɗauka da an karɓi satifiket shi kenan an gama har abada, ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu akwai abin da ake yi duk shekara. Yanzu kunyar haɗa ido nake da iyayensu.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku shigar da duk rahoton da ake bin kamfanin, tarar kuma ku biya daga aljihunku don ba ni na jawo ta ba, ku kawo min RRR da takardar shaida ta kowace shekara a hannu. In ba za ku iya ba ku dawo min da kuɗina cif in ba wani. A cire imel ɗinku da lambarku a sa nawa. Sannan ina so in ga shaidar cewa CAC ta amince da ku a matsayin wakilai, domin na ji lauyoyi da akantoci da sakatarorin kamfani masu lasisi take ba wannan izini, ni kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya a ofishinku ba.

Na ba ku mako biyu daga yau. In ya wuce zan kai ƙorafi a rubuce ofishin CAC na nan Kaduna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, tare da kwafin risit ɗinku, kuma zan sanar da shugabannin ƙungiyarmu ta Panteka su faɗa wa mambobi kowa ya je ya duba lambarsa. Lauyana ya ce maganar asarar kwangilar daban ce, za mu zo kanta.

Wassalam,
Mai ƙera kujeru, Panteka, Kaduna