Wasiƙa zuwa ga aminina a kan gonar Baba ta Maigana

Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, leɓe sai tsagewa yake yi. Hajiya na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana tuna ɗanɗanon miyar kuka.

Saƙon muryarka sau uku na saurare shi. Ka ce damina huɗu ke nan kana aika wa Auta kuɗin taki, buhunan taki na ƙaruwa, buhunan masara na raguwa, har zuciya ta fara raya maka ko yaron yana karkatar da kuɗin. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Da farko dai ka wanke yaron nan, ba shi da laifin da kake zato. Ranar Asabar na kama hanyar Zariya da sassafe, na sauka Maigana, muka shiga gonar tare.

Wallahi da ka ga ƙasar da ka tausaya mata. Ta yi fari fat kamar toka, samanta ya daskare kamar daɓe, in ka sara fartanya sai ta yi tsalle. Ga busassun wuta-wuta, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar masara tana tsotse ta, ko'ina, ga baƙin tabo nan da can inda aka tara kara aka cinna masa wuta. Sai na ja Auta zuwa gindin ɗorawar nan ta bakin iyaka, inda Baba, Allah ya jiƙansa, yake ɗaure shanun huɗa. Sara ɗaya na yi, ƙasa ta fito baƙa, tana wargajewa a hannu kamar dambu. Da na yayyafa mata ruwa sai ga ƙamshin nan na ruwan farko.

Ban yi masa wa'azi ba. Na yanka robar ruwa guda biyu, na cika su, na ɗan lanƙwasa guntun ragar waya a bakin kowacce, na ɗora ɗan curin ƙasa daga tsakiyar gona a ɗaya, na gindin ɗorawa a ɗayar. Na tsakiyar gona ko minti ɗaya bai yi ba ya narke, ruwan ya koma kamar koko. Na gindin ɗorawa kuwa ya zauna daram, sai 'yan kumfa da yake fitarwa, ruwansa garau. Auta ya tsuguna ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Yaya, ashe haka take yi duk ranar da aka yi ruwa?" Na ce masa haka take yi, kuma takin da kake zubawa tare suke tafiya rafi.

Abin da ya riƙe curin nan na biyu shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da kashin dabbobi, da ƙananan halittun da ke cin su, daga tana da gara har waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke haɗa ƙasa ta dunƙule, su buɗa mata ƙofofin da ruwa da iska za su shiga. Ƙasarmu ta nan dama ba ta da wannan dukiya da yawa, zafi na saurin cinye ta, a gonaki da dama ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. To ka ga wanda bai da yawa kuma ake ƙone masa ɗan abin da yake da shi.

Kai ma'aikacin asibiti ne, bari in zo maka ta hanyarka. Takin zamani ƙarin ruwa ne. Yana tayar da majinyaci, ba mai musun haka, amma ka taɓa ganin wanda ya rayu shekara ashirin a kan ƙarin ruwa ba tuwo? Kada ka fahimce ni a baibai, ni ba na cikin masu cewa a bar kamfa da yuriya. Masara ba za ta yi ba sai da su. Shugabannin Afirka ma da suka taru a Abuja a 2006, kukan da suka yi shi ne ba ma zuba taki isasshe, har suka sa burin kilo 50 a kowace hekta. Amma buhun yuriya mai kilo 50, abincin shuka da ke cikinsa kilo 23 ne. In ka watsa shi a saman busasshiyar ƙasa ba ka binne ba, wani ya bi iska, wani ya bi ruwa. Kuma yawan zuba shi shekara da shekaru ba takin gida yana sa ƙasa tsami.

Wannan wasan robar da na yi wa Auta, da kunya na koye shi. Shekarun baya wata ƙungiya ta ɗauke ni in yi wa manoma bita a wani ƙauye ta wajen Giwa. Na kwana uku ina shirya hotuna a kwamfuta, na sha babbar riga. Muna farawa janareto ya mutu. Na ci gaba da baki, ina ta zuba sunayen sinadarai, mutane na hamma suna jiran kuɗin mota. Da na gama wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, duk mun ji. Amma wace ƙasar kake nufi? Jigawa ko fadama? Jangargari ko laka? Don ni gonata uku, kuma ba wadda halinta ya zo ɗaya da 'yar'uwarta." Na yi tsuru-tsuru. Mutumin da ko aji ɗaya bai shiga ba ya rarrabe mini ƙasa, ya san wadda ke riƙe ruwa da wadda ke saki, ya san ciyawar da in ta fito gona ta gaji. Ni kuwa na zo da ƙasa guda ɗaya tal a cikin kwamfuta.

Tun daga ranar na daina kiran taro a aji. Gona nake zuwa, in fara da tambaya, in bar hannu ya yi bayani. A watan Agusta na kai ɗalibaina wata gonar waken soya a bayan Rigachikun. Muka tono tushe ɗaya a hankali, muka wanke saiwar, ga 'yan ƙulalai maƙale da ita kamar ƙwayar gero. Na ce wata yarinya ta fasa ɗaya da farce. Cikinsa ja-ja kamar nama. Ta yi tsalle ta ce jini ne! Na ce kusan haka ne, wannan jan shi ne alamar ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aiki, suna jawo abincin shuka daga iska, irin wanda babanki ke saya a buhu. Yarinyar nan ta koma gida ta hana mahaifinta sakat sai da ya biyo ta gonar ya gani. Lacca goma ba ta yi mini wannan aikin ba. Ranar ƙasar noma ta duniya da ake yi kowace 5 ga Disamba, an gayyace ni wani otal, na ba da uzuri. Ƙasar da ake zancenta a kan tayil ban san ta ba.

Abin da na gane shi ne ba sabon ilimi muke kawowa ba, tuni muke yi. Ka tuna muna yara, in gona ta gaji Baba barin ta yake yi saura ta huta. Bayan kaka Fulani su sauka a gona da shanunsu, su ci kara su bar taki, har a ba su damin dawa don su ƙara kwanaki. A ƙasar Kano jakai ne ke jigilar juji da mangala daga birni zuwa gonaki, ga gawo da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana. Yanzu gadon an raba shi har ya zama tsumma, ba wanda zai iya hutar da taku ɗaya. Tsakanin manomi da makiyayi kuma ka san inda aka kwana, ba sai na tayar mana da hankali ba.

Nan ne wahalar take. Faɗin "a daina ƙona kara, a bar shi a gona" ba wuya. Amma karan nan shi ne danni, shi ne makamashin uwargida, shi ne abincin tumaki da rani, kuɗi ne kuma a kasuwa. Wanda ya karɓi gona haya ta shekara ɗaya, don me zai kwashe takin gidansa ya zuba, baɗi mai gona ya ga ta yi kyau ya karɓe abarsa ko ya ƙara kuɗi? Wani ya faɗa mini haka ido da ido a Soba, ban sami amsar ba shi ba. Mutanen Maraɗi sun burge ni a nan: tun shekarun 1980 suka koma barin kututturen itatuwa su sake toho a gona, suna sassabe su suna barin reshe biyu ko uku. Abin ya karɓu ne don ba ya cin ko sisi, kuma itacen na mai gona ne.

Ku dai ba ku da wannan uzurin, gonar taku ce. Ga abin da muka tsayar da Auta. Daga yanzu ba wuta. Karan da ya rage a kwantar da shi a cikin kwarin kunya. Gonar za a raba ta biyu, rabi masara rabi waken soya, baɗi a juya. Waken soya na yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro bai sami saiwar da zai kama ba ya mutu, amma kada ka sa ran damina ɗaya za ta share shi, don irinsa kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. Duk wanda ya fito a tuge shi kafin ya yi fure. Ta gangaren rafi kuma kunyoyin Auta bin gangara suke yi, sun zama hanyar ruwa, har kwari ya fara cin gefen. Za a gicciya su.

Na kuma ɗebo ƙasa daga wurare goma sha biyu, zurfin kamar taƙi ɗaya, na gauraya na cika leda. Zan kai Samaru a auna mana tsaminta. Wurin nan tun 1922 ake binciken noma a cikinsa, yana nan kusa da mu, amma manoma nawa ne suka taɓa kai ƙasarsu? Iri ma can za mu nema, cikin irin masarar da suke fitarwa mai suna SAMMAZ akwai masu jure wuta-wuta.

Saura kai. Kuɗin da ka saba aikowa a watan Mayu, ka aiko da kashi ɗaya cikin uku yanzu. Akwai mai gidan kaji a hanyar Zariya da na yi magana da shi, kuma da rani taki ya fi araha, kafin kowa ya farka. Za mu tara shi a rami mu rufe ya ruɓe sosai, don ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Ina gaya maka tun yanzu, damina mai zuwa ba lallai ka ga wani abin a zo a gani ba. Ka ba mu uku.

Kuma don Allah ka kira Auta. Ya ji a jikinsa kana zarginsa, ya faɗa mini muna cin rogo a gindin ɗorawa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ajiye rasit ɗin kowane buhu a cikin wata tsohuwar jakar Baba, na gani da idona.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. In za ka zo da Sallah ka taho da takalmin shiga gona, ba irin wanda ka zo da shi bara ba.

Naka har kullum,
amininka na Tudun Wada.